Dusar Farko

Injin niƙan da ke ƙara a ɗakin da ke jikin zaurenmu ya girmi duk matan da ke kawo masa niƙa, in aka cire ni da wata ƙawata. Yadda ya shigo gidan nan, da abin da na kusa jawo mana da hannuna, shi zan faɗa, kamar yadda ya faru.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Wata damina ya dawo da zazzaɓi. Ya kwanta kwana shida, a na bakwai Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar mini matarsa da 'ya'ya mata biyu, babbar tana shekara huɗu, ƙaramar tana goye. Mahaifinsa ya riga shi da daɗewa, ƙannensa mata kuwa kowace tana ɗakinta. Gida ya zama daga ni sai su.

Surukata 'yar Farin Dutse ce, can ƙasar Gwaram. Ranar sadakar arba'in mahaifinta ya zo. Dattijo ne manomi, ba ya magana biyu. Da mutane suka watse, ya sa aka kira ni bakin zaure, na durƙusa daga ciki, shi yana daga waje.

Ya ce, "Hajiya, ba gori na zo yi miki ba. Amma gidan nan yanzu babu mai nema. Ranar da ta fita takaba zan zo in tafi da ita, da yaran, tunda ƙanana ne."

Na ce, "Malam, in ta samu abin yi fa?"

Ya ce, "In na zo na ga abin da zai riƙe su, na gani da idona, sai mu sake magana."

Da ya tafi na shiga wurinta. Ban so in riƙe 'yar mutane don son raina ba, don haka na tambaye ta gaskiyar abin da ke zuciyarta. Ta ce, "Inna, ni a nan na saba, a nan yaran suka san gida. Amma da me zan amsa wa Baba?"

Saura wata uku ke nan.

Ƙauyenmu yana gefen Surko, kuma a lokacin babu injin niƙa ko ɗaya a cikinsa. Mace in tana son gari, ko ta ba mai babur ya kai mata cikin gari ta jira sai ya ga damar dawowa, ko ta sha daka har kafaɗarta ta sage. Wannan na yi ta juyawa a raina. Sai wata mai sayar da daddawa da ke bin kasuwanni ta ce mini ta san wani tsohon inji a Gwaram, yana kwance a bayan gidan wani tsoho, kaji na ƙwai a cikinsa. Ta faɗa ne don a yi dariya. Ni ban yi ba.

Akwai wani bakanike a Birnin Kudu, abokin marigayi ne, aikinsa gyaran injinan ban-ruwa na masu lambu. Na aika masa, ya zo, muka hau mota zuwa Gwaram.

Mun tarar da injin ƙarƙashin wata rumfar kara da ta zube rabi. Baƙi ne, gajere, mai kauri, da manyan ƙafafun ƙarfe biyu a gefe da gefe waɗanda ke juyawa in ya tashi. Tsatsa ta cinye fentinsa, zanzaro ya yi gini a kowane lungu. A gabansa ga kan niƙan, wato wurin da ake zuba hatsi ya fito gari, kuma gaskiyar mai daddawa, akwai ƙwai uku a ciki.

Mai shi ya fito da sanda, idonsa ya yi fari. 'Ya'yansa duk sun tafi Kano tuƙin mota, babu mai son zaman niƙa.

Bakanike ya ce, "Baba, shekara nawa ya yi a kwance?"

"Tun ina iya zura zare a allura."

"Ai ya mutu ke nan."

Tsohon ya lalubi ƙafar injin ya dafa. Ya ce, "Barci yake. Ka juya ka ji."

Bakanike ya kama ya juya, ko motsi. Ya cire hula ya sosa kai, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Inna, ƙarfen da ne, irin wanda ba a yi yanzu. Bai tsage ba. In kin yarda da wahala, zai tashi."

Na sayar da bijimin da marigayi yake kiwo. Aka ɗauko inji a a-kori-kura, maza shida suka sauke shi da gungumen itace, aka shigar da shi ɗakin da ɗana yake ajiye tayoyi da jarkoki.

Ranar duk unguwa ta zo kallo. Ƙawata, wadda aka kawo mu aure garin nan shekara ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Sannu da ciniki. Kin ba da sa mai ƙafa huɗu kin karɓo akurki."

Na ce, "Ranar da ya tashi, ke ce ta ƙarshe a layi."

"Ranar da ya tashi, a kaina zan kawo miki niƙan, ba aike ba."

Aikin ya ci sati bakwai, don bakanike sai ranar da ba shi da aiki a lambu yake zuwa. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya jera kayan cikinsa a kan buhu kamar mahauci ya baje nama. Fistin ya manne a cikin gidansa, sai da aka jiƙa shi da kananzir kwana tara, kullum da safe surukata ta ƙara masa kaɗan, kafin ya yarda ya fito. Ni da ita muka zauna a tsakar gida muna goge tsatsa da yashi da tsumma, ƙarfe bayan ƙarfe. Takaba ta hana ta fita, amma ba ta hana ta aiki ba, kuma na lura tun da ta fara wannan gugar ta rage zama shiru tana kallon bango. An sa sabon zobe a fistin, an wanke bututun mai, an sayo sabon bel. Magini ya zuba siminti a ƙasa ya dasa ƙusoshin da za su riƙe injin kada ya yi rawa. Aka huda bango aka fitar da bututun hayaƙi, aka kafa durom na ruwan da zai riƙa sanyaya shi.

Saura farantan niƙa. Faifai biyu ne na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. Namu sun suɗe, sun yi santsi kamar tafin hannu. Bakanike ya kai su Birnin Kudu wurin mai wasa ƙarfe, aka sake yanka musu haƙora, suka dawo suna ƙyalli, in ka shafa sai su kama maka yatsa.

Wata Laraba da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya a fita takaba, ya zuba mai, ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke sassauta injin, ya sa hannun juyawa ya yi ta juyi har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya saki. Injin ya yi tari sau ɗaya. Ya yi shiru. Ya sake tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sai kuma ya kama: tuk, tuk, tuk, a hankali, kamar taɓarya a turmin maƙwabta. Kaji suka watse. Surukata ta rufe baki da mayafi, ban san dariya take ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Nan ne na yi kuskurena.

Bakanike ya goge hannu ya ce, "Inna, a samo mini dusa kwano biyu mu fara zubawa."

Na ce, "Dusa ta mece ce?"

"Haka dai nake ganin masu niƙa suna yi in an sa faranti. Ni kin san nawa aikin mai ne da ruwa."

Raina ya ɓaci. Tun ranar da aka sauke injin na yi niyya a zuciyata: abin da zai fara fita daga bakinsa sadaka ce, ladan ya isa kabarin ɗana. Da bijiminsa aka saye shi, a ɗakinsa aka kafa shi. Na ce, "Malam, gidan nan gidan rasuwa ne. Ba zan buɗe injin nan da abincin awaki ba."

Yaron kirki ne, ba ya musu da tsofaffi. Ya ce, "Ke ce da inji, Inna." Ya koya wa surukata yadda ake tayarwa da kashewa, da yadda ake matsa faranti a sassauta, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Washegari Alhamis muka surfa sabuwar dawa, muka wanke, ta sha iska, muka niƙa. Garin ya fito da ɗan duhu-duhu, na ce ai halin dawar bana ce. Muka tankaɗe, muka tuƙa tuwo tukunya biyu manya, da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Ni da surukata duka muna azumin nafila ranar, don haka babu wadda ta kai loma baki. Jikata babba ta ci loma ɗaya ta tofar ta ce akwai ƙasa, na ce mata ta daina iyayi. Da la'asar aka rarraba, gida-gida, har gidan liman da na mai unguwa, kowane kwano da saƙon cewa garin injinmu ne, a yi wa marigayi addu'a.

Da aka kira magariba na sha ruwa, na gutsuri tuwon na sa a baki.

Ƙurus.

Kamar na tauna yashin rafi, ga kuma ɗanɗanon ƙarfe a harshe, irin na tsohuwar wuƙa. Na ɗaga kai na ga surukata ta tsaya da tauna, tana kallona. Babu kwano ɗaya da ya rage a gidan da za a ce a janye.

Da safe kwanuka suka fara dawowa, a wanke, da godiya, da addu'a. Mutanen garinmu ba sa kushe sadaka. Amma babu wadda ta kawo niƙa. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Ran Lahadi ina tsaye a ƙofar gida na ga mai babur ya wuce da ƙullin hatsi a bayansa, zai kai cikin Surko, kamar babu inji a garin.

Ƙawata ce ta zo ta faɗa mini abin da ake cewa a bakin rijiya.

"Sun ce shi ya sa tsohon ya yar da shi. Wai cikinsa ya ruɓe, ƙarfensa yake zubarwa a gari."

"Ke ma haka kika ce?"

"Ni ban ce komai ba, bakina na ciwo. Maigidana kuwa ya ce a gaya miki ya yafe, amma kada a ƙara."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. Ta san ranar da ake jira kamar yadda na sani.

Da ta tafi na rasa inda zan sa kaina. Na zagaya bayan rumbu, inda tsohon dutsen niƙana yake kife tun shekarun da aka daina niƙan hannu. Na zauna a kansa. Ina zaune ina shafa gefensa, sai yatsana ya faɗa cikin 'yan ramukan da makoɗi ya bari. Makoɗi shi ne ɗan dutse mai tauri da muke dandaƙa fuskar dutsen niƙa da shi in ta yi santsi, don ta sake cin hatsi.

Sai ga mahaifiyata a idona, a tsakar gidanmu na Yalwan Damai. Ina 'yar shekara tara, ta gama koɗa dutse, na ɗebo gero zan zuba, ta buge mini hannu. Ta ce in an koɗa dutse ba a fara masa da abinci. Dusa ake niƙawa, a share, a sake niƙa wata, a share, har sai ta kwashe tsakuwar da makoɗi ya tayar. Ta ce wannan dusar ko akuya ba a ba, juji ake kai ta.

Na sani. Tun kafin a haifi bakanike na sani. Na yi wannan aikin da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Amma da abin ya zo mini cikin ƙarfe da mai da hayaƙi, sai na ɗauka wani sabon abu ne wanda ilimin dutse bai shafe shi ba. Yaro ya faɗa mini gaskiya, na ji kamar ya raina sadakata.

Na tashi na aika a kira bakanike.

Ya zo ran Litinin. Kafin ya sauka daga babur na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Kai ne da gaskiya."

Ya ce, "Haba Inna, ni ma da na san dalilin ai da na dage."

Ya zo da mayen ƙarfe, wanda ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo. Ya tura shi cikin ragowar garin sadaka ya juya ya fitar, sai ga shi ya yi baƙin gemu, ƙananan ɓurɓushin ƙarfe sun tsaya cirko-cirko a jikinsa. Surukata ta ce, "Wannan muka ba liman?" Bakanike ya juya baya yana gyaran murya.

Aka buɗe kan niƙan aka share shi tas. Surukata ta tayar da inji da kanta, na tsaya a kan mazubi ina zuba dusa. Ta farko ta fito toka-toka, maye ya fito da gemu. Ta biyu, gemun ya ragu. Mahaifiyata sau uku take yi, amma ƙarfe ya fi dutse taurin kai, sai a ta shida maye ya shiga ya fito fes. Na kwashe dusar duka na kai juji na binne, don kada awakin maƙwabta su tono. Sannan muka zuba dawa mudu guda. Garin ya sauko fari, da ɗumi, yana ƙamshin sabuwar dawa. Na ɗiba na sa tsakanin haƙorana na gaba na murza a hankali, na sake murzawa. Babu komai sai laushi.

Na ƙulla kaɗan a gefen zane na nufi gidan ƙawata.

Na ce, "Buɗe bakinki."

"Haƙora huɗu suka rage mini, su kika zo ƙarasawa?"

"Buɗe dai."

Ta lasa, ta tauna, ta lumshe ido tana nema, ba ta samu ba. Na ba ta labarin dusa. Ta dube ni ta ce, "Ke da kika koya mini koɗa dutse da muna amare? Tsufa dai bai yi miki rana ba."

Washegari ta cika alkawarin da ta yi da gatse. Ta ɗora ƙwaryar gero a ka, ta ƙi bin gajeriyar hanya, ta bi ta bakin rijiya lokacin da mata suka fi yawa, tana tafe tana gaya wa duk wadda ta tambaya cewa ba injin ne ya ruɓe ba, mai injin ce ta manta abin da uwarta ta koya mata. Na ji an yi mini dariya sosai a wurin. Ban damu ba. Ranar mutum biyu suka biyo ta. Washegari biyar, kowace sai ta lasa garin a gabanmu kafin ta ɗauka, surukata kuma ta rataye mayen ƙarfe da igiya a jikin ƙofa, duk mai shakka ta gwada da kanta.

Ranar da aka fita takaba aka yi abin da ake yi. Kashegari da hantsi mahaifin surukata ya iso. Ya ƙi shiga ɗakin injin, ya zauna a tabarma a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, labari ya iske ni a kasuwa. An ce injinku da tsakuwa yake niƙa."

Na ce, "An yi haka, Malam, sau ɗaya. Laifina ne, ba na inji ba, ba kuma na 'yarka ba." Na faɗa masa komai, ban rage ba.

Aka kawo masa tuwo, na garin da 'yarsa ta niƙa da safiyar nan. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanki loma ƙarama. Tuwo ba abin taunawa ba ne, amma shi sai da ya tauna, a gefen dama, sannan ya mayar hagu. Ina daga bakin ƙofa ina kallon muƙamuƙinsa. Ya haɗiye. Ya yanki ta biyu, babba.

Yana cikin ci wasu mata suka yi sallama da ƙorai a ka, suka wuce ta gabansa suna rusunawa. Jim kaɗan muka ji juyin hannun inji, sannan tari, sannan tuk, tuk, tuk, har ƙasan zauren tana amsawa. Ya tsaya da loma a hannu.

"Wa ya tayar?"

"Ita."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, da goyo a bayanta."

Ya cinye tuwon tas. Ya wanke hannu, ya tashi ya je bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Ba ta gan shi ba, tana sunkuye tana matsa faranti, gari ya yi mata fari a gira. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo ya ɗauki sandarsa da hularsa.

Ya ce, "Akwai gero buhu ɗaya da na ware zan ciyar da su in sun koma. Zan aiko da shi nan. A niƙa mini rabi a mayar mini, gidana ma ana cin tuwo."

Na raka shi har bakin hanya. Da motar da ya hau ta tafi na dawo, na zauna a dakalin ƙofar gida. Jikata babba ta zo ta hau cinyata tana tambaya ko yau ma tuwon da ƙasa. Na ce mata a'a, yau babu.

Tun daga lokacin an wasa farantan nan ban san sau nawa ba. Duk ranar da aka dawo da su, ni nake zuba dusar farko da hannuna, ni nake kai ta juji.